Katin Octopus na Hong Kong: Ya Kori Sulalla, Bai Kori Takardar Kuɗi Ba

Katunan da ake zuba wa kuɗi a cikin cikinsu, a riƙa biya da su maimakon takarda da sulalla, sun yi tashe tun daga shekarun 1990, amma yawancinsu ba su yi tsawon rai ba. An gwada Mondex a garin Swindon na Ingila a 1995, ya shuɗe. Proton na Beljiyam ya rufe a ƙarshen 2014, Chipknip na Holan ya bi shi a farkon 2015, GeldKarte na Jamus kuma ya ja ƙafa har ƙarshen 2024. Octopus na Hong Kong, wanda ya fara aiki a watan Satumban 1997, shi ne yake nan da ransa, har ya zama da wuya a ga mazaunin birnin da ba ya riƙe da shi. Saboda haka duk mai son ya auna irin wannan kuɗi, ya auna shi a kan Octopus, domin a nan ne aka ga iyakar abin da zai iya.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, kuɗin yana rubuce a cikin katin kansa, ba a asusun banki ba. A cikin robar akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ƙirar FeliCa ta kamfanin Sony, da siririyar waya da ta zagaye gefen katin tana aikin eriya. Babu batir. Idan aka kusantar da katin ga na'urar karɓar kuɗi, na'urar ce ke ba shi wuta ta iska, su tantance juna, ta cire kuɗin, ta rubuta ragowar a kan katin, ta yi ƙara "dut". Duk wannan a cikin kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Ba a buga lambar sirri, ba a sa hannu, ba a jiran banki ya amsa. Na'urar cikin bas ba ta buƙatar intanet a lokacin biya. Tara bayanan cinikin take yi, daga baya a tura su cibiyar kamfanin, a raba wa kowane mai mota da mai kanti haƙƙinsa.

Wannan saurin shi ne jarin katin gaba ɗaya. Mondex sai an tura shi cikin na'ura an jira daƙiƙoƙi, kuma mai saye a kanti bai ga abin da zai sa ya bar sulallan aljihunsa ba. Octopus kuwa daga ƙofar jirgin ƙasa ya fara, inda jinkirin mutum ɗaya ke tsayar da ɗari a bayansa. Kamfanonin sufuri biyar ne suka haɗu suka kafa kamfaninsa a 1994, don haka ranar da ya fito, akwai inda za a yi amfani da shi safe da yamma. Motocin bas na Hong Kong ba sa ba da canji: in kuɗin mota dalar Hong Kong 6 da 'yan kai ne, kai kuma takardar dala 10 gare ka, to ragowar ta tafi. Ga kuma ƙarancin sulalla da aka yi a 1997, lokacin da mutane suka riƙa ɓoye masu hoton Sarauniyar Ingila da tunanin za su yi daraja bayan miƙa birnin ga China. A cikin wata uku na farko an fitar da kati miliyan 3. Sai da mutane suka saba da shi a hanya sannan ya shiga kantuna irin su 7-Eleven da Circle K, da injinan sayar da lemo, da wuraren ajiye mota.

Samun katin ba wuya. A tashar MTR, wato jirgin ƙasa na cikin birnin, ana karɓar na aro, a ajiye jinginar dala 50 ta Hong Kong, a ɗora kuɗin farko a kai. Ba a tambayar suna. Ƙarin kuɗi ana yin sa a injin da ke tasha ko a wurin mai karɓar kuɗi a kanti, hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Iyakar abin da kati ke ɗauka a da dala 1,000 ne, aka ɗaga zuwa 3,000 a ƙarshen 2019. A jirgin ƙasa ana taɓa kati sau biyu, wajen shiga da wajen fita, kuma sai a fita ake cire kuɗin gwargwadon nisan tafiya. A bas yawanci sau ɗaya ne wajen hawa, a taragon cikin gari kuma wajen sauka.

Akwai wata dabara da ta cancanci yabo. Idan ragowar kuɗin bai kai abin da za a biya ba, katin yana yarda a ci bashi sau ɗaya, har dala 35 a tsofaffin katuna, dala 50 a waɗanda aka fitar daga Oktoban 2017. Mai dala 3 a kati zai iya fita daga tasha ko da tafiyarsa ta ci dala 20. Katin zai nuna ana bin sa 17, kuma ba zai sake aiki ba sai an zuba masa kuɗi. Jinginar nan ta 50 ita ce ta tsaya wa kamfanin. Wanda ke da katin bashi na banki a can kuma yana iya haɗa su, ta yadda duk sanda kuɗi ya ƙare za a zuba masa wani adadi, misali dala 250 ko 500, sau ɗaya a rana.

Yanzu ga inda yake ciwo.

Katin da ba shi da suna, in ya ɓata, kuɗin ya tafi, kamar yadda za a yi asarar lalitar da ta faɗi a kasuwa. Wanda ya tsinta zai kashe abin da ke ciki ba mai tambayarsa komai. Mai katin da ke ɗauke da suna, ko wanda ya haɗa shi da banki, yana iya kai rahoto a toshe, amma abin da aka kashe a cikin awa 3 na farko bayan rahoton a wuyansa yake. Dalili a fili yake: tunda na'urori da yawa ba sa magana da cibiya a kowane ciniki, sai jerin katunan da aka toshe ya iso gare su kafin su ƙi karɓa. Saurin da ake yabo, shi ne ya haifi wannan giɓi. Shawara a nan ita ce kada a cika kati mara suna har bakinsa. Kuɗin kwana biyu ko uku ya isa.

Matsalolin yau da gobe ƙanana ne, amma suna da ban haushi a gaban layi. Katin yana karantuwa ta cikin jaka, to amma in akwai wani kati mai eriya kusa da shi, na banki ko na shiga ofis, na'urar kan rikice ta ƙi karanta ko ɗaya. Sulalla da makullai da suka rufe fuskar katin su ma suna tare siginar. Idan aka janye kati kafin ƙarar ta fito, cinikin na iya tsayawa a tsakiya. Abin yi shi ne a mayar da wannan katin dai a kan wannan na'urar ta ƙarasa, ba a ciro wani ba, don kada a biya sau biyu. Lanƙwasa kati a aljihun baya, ko huda shi don a rataya, yana tsinka wayar eriyar, kuma daga waje ba za a ga alamar komai ba, sai dai kawai ya daina amsawa. Katin da ya yi kwana 1,000 ba a zuba masa kuɗi ba yakan daina aiki sai an kai an farfaɗo da shi, kuma sababbin katunan aro na manya da aka yi shekara 3 ba a taɓa su ba ana cire musu dala 15 a shekara.

Sannan ba a ganin kuɗin da ido. Mai takarda yana buɗe jaka ya san inda yake. Mai kati sai ya kalli allon na'ura bayan ya biya, ko ya je injin bincike a tasha wanda ke nuna ciniki 10 na ƙarshe, ko ya ɗora katin a bayan waya mai manhajar kamfanin. Wanda ya haɗa da banki ya fi kowa saurin mantawa da nawa ya kashe.

Batun sirri ma ba kamar na tsabar kuɗi ba ne. Kowane kati yana da lamba, kowane taɓi yana barin sawu: wuri, lokaci, adadi. A kati mara suna sawun bai kai ga mutum ba, amma da zarar an yi rajista ya kai. A 2010 ta bayyana cewa kamfanin ya sayar da bayanan abokan hulɗarsa kusan miliyan 2 da ke cikin shirinsa na tara maki, ya samu dala miliyan 44, har shugabarsa Prudence Chan ta ajiye aiki. Kafin nan, a 2007, an gano wasu injinan zuba kuɗi suna cirewa daga asusun banki ba tare da kuɗin ya hau kati ba, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Mai son kariyar ɓata sai ya ba da sunansa, mai son ɓoye sunansa sai ya haƙura da kariyar. Katin bai ba da duka biyun a lokaci guda.

A kan takardun kuɗi kuwa bai yi nasara sosai ba. Iyakar dala 3,000 ta fitar da shi daga babbar sayayya, ba a miƙa wa mutum kuɗi daga kati zuwa hannu kamar yadda ake miƙa takarda, kuma mai karɓa dole ya mallaki na'ura ya biya kamfanin kaso, abin da ya sa masu tasi da ƙananan 'yan kasuwa suka daɗe suna cewa a ba su tsaba. Ga kuɗin mota, ruwan sha, jarida da abincin tsaye, babu abin da ya kama ƙafarsa, kuma tun 2020 ana iya sa shi a cikin iPhone a bar robar a gida. Baƙon da zai yi 'yan kwanaki ya karɓi na aro, ya ajiye 'yan takardu a gefe saboda wuraren da ba na'ura, ranar tafiya ya mayar da katin a tashar MTR a ba shi jinginarsa da ragowar kuɗinsa. In bai kai kwana 90 a hannunsa ba, za a cire ɗan ladan aiki.