Naman Kazan Dajin Faransa da Namu na Gindin Suri: Amsa ga Tambayar Hajiya

Hajiya, barka da warhaka, da fatan iyali suna lafiya. Na ga hotunan da kika saka a zauren nan, waɗanda ɗanki mai karatu a gabashin Faransa ya aiko miki, na kwandon naman kazan da shi da abokansa suka tsinto a daji cikin watan Afrilu. Kin tambaya ko irinsa ne ke fitowa a wajenmu, kuma ko za ki iya tura yara su nemo miki a dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi idan kun je ƙauye. Ba iri ɗaya ba ne, kuma ina roƙonki kada ki tura yara su kaɗai, ko yanzu ko nan gaba.

Bambancin farko shi ne na lokaci. Watannin Maris zuwa Mayu su ne lokacin da sanyi ke sakin ƙasar Turai, ƙasa ta jiƙe, itatuwa su fara toho, kuma a nan ne wannan naman kaza da Faransawa ke kira moriy yake ɓullowa. Mu kuwa a waɗannan watanni muna tsakiyar bazara, zafi yana haura digiri 40, Gulbin Maraɗi ya zama rairayi, ko ciyawa ba ta da ƙarfin tsirowa balle abin da rayuwarsa duka danshi ce. Namu sai damina ta zauna, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, musamman washegarin ruwan dare mai ƙarfi, kuma ba kowace shekara yake wadata ba, domin ruwan da muke samu bai fi milimita 500 zuwa 600 ba a shekara. Shi ya sa ya fi samuwa a kudu, wajajen Madarumfa da Gabi da bakin iyaka, fiye da arewacin jiha.

Idan kika sake duba hoton, za ki ga na ɗanki ba shi da laima. Kansa dogo ne mai ramuka kamar saƙar zuma, kuma idan aka tsaga shi biyu daga sama har ƙasa, cikinsa kogo ne babu komai. Yana son gindin wasu itatuwan ƙasarsu, da tsofaffin gonakin tuffa, da wurin da gobara ta taɓa ci. Namu da ake ci kuwa yana da laima sosai, da ɗan tsini mai tauri a tsakiyarta, kuma ba ya rabuwa da gara. Hasali ma gara ce ke noma shi: tana tattaro ciyawa da itace ta tauna, ta gina wani abu mai kama da soso a cikin suri, ta rena shi a kai domin ya narkar mata da abinci. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ne ya raɗa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Tsinin nan da shi yake huda ƙasar suri mai tauri ya fito, kuma ƙarƙashinsa akwai doguwar saiwa siririya da ke gangarawa har ɗakin gara.

Wannan saiwa ita ce abin da na fi tunawa daga ƙuruciyata. Kakata ba ta taɓa fizge naman kaza da hannu ba. Takan durƙusa da ɗan dagi, ta yi ta tono a hankali har saiwar ta fito da tsawon kamu ɗaya ko fiye, jar ƙasa manne da ita, sannan ta juya laimar ta duba ƙarƙashinta, ta shinshina, kafin ta jefa a ƙwarya. Wanda ta tarar ba shi da saiwa, ko ya fito nesa da suri, sai ta taka shi da ƙafa ta ce laimar kwaɗi ce. A lokacin na ɗauka tsabar tsanani ne, sai daga baya na gane cewa gindin ne ke faɗin gaskiyar abin, kuma wanda ya yanke shi daga sama ya bar shaidar a cikin ƙasa.

Inda biyun suka yi kama shi ne kowanne yana da abokin kama mai cutarwa. Can Turai akwai wanda ake kira jiromitir, mai fitowa lokaci ɗaya da moriy, amma kansa a murɗe yake kamar ƙwaƙwalwa, cikinsa kuma ba kogo ɗaya ba ne. Akwai kuma dangin amanit, wanda wani mai farin launi daga cikinsu yake fitowa a waɗannan watanni, mai zobe a wuya da ƴar jaka a gindi. Dafinsa ba ya mutuwa da dafuwa, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da ya riga ya fara cin hanta. A wajenmu wanda ya fi yaudarar mutane shi ne babban farin nan mai zobe da ke fitowa cikin ciyawa, a bakin garke da kan juji. Yana da kyan gani ƙwarai, amma idan ya manyanta ƙarƙashin laimarsa yakan koma tsanwa-tsanwa, kuma wanda ya ci shi, cikin awa biyu ko uku amai da gudawa za su kama shi. Na ga haka da idona a kan yaron maƙwabcinmu, wanda sai da aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa kafin ya dawo hayyacinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke taimakawa. A cire laimar a kifa ta kan farar takarda, a rufe da kofi har safe. Na suri yakan bar gari mai launin ruwan hoda mai haske, mugun kuwa yakan bar tsanwa. Amma gwajin taimako ne kawai, ba ya maye gurbin idon wanda ya sani. Abin da ake faɗa cewa idan tsutsa ko akuya ta ci to mutum ma zai iya ci, ko cewa cokalin azurfa yana baƙi idan akwai dafi, duk ba gaskiya ba ne, kuma sun halaka mutane a can da nan. Haka nan manhajar waya da ake nuna wa hoto ta faɗi suna, ban yarda a jingina rai da ita ba.

Wajen dafuwa, ki gaya wa ɗanki cewa moriy ɗin kansa yana cutarwa idan ɗanye ne ko bai dahu ba, don haka ya bar shi a wuta aƙalla minti 20. Namu ma a wanke rairayin sosai, a dafa shi a ranar cikin miya, domin ba ya kwana lafiya a zafinmu. Shi a can yana da gatan da ba mu da shi, tunda al'adarsu ce mutum ya kai kwandonsa kantin magani a duba masa, kuma a dazukan gwamnati ba a yarda mutum ya wuce lita 5 a rana ba. Mu gatanmu su ne tsofaffin matan ƙauye da suka shekara arba'in suna tono a suri ɗaya.

Saboda haka, Hajiya, ki jira Agusta, ki nemi irin wannan tsohuwa a ƙauyenku, ki bi ta da kanki da sassafe, kuma ki ɗauki wanda ita take ci a gidanta kaɗai. Ki riƙa ajiye ɗaya ɗanye a gefe duk ranar da aka dafa. Idan wani ya fara amai ko ciwon ciki bayan ci, ko da washegari ne, a kai shi asibiti nan take tare da wannan ɗanyen, kada a tsaya ba shi nono ko jiƙo, kuma kada a koma gida don an ga ya ɗan samu sauƙi sai likita ya sallame shi.