Take Me Out na Franz Ferdinand: waƙa uku a faifai ɗaya

Duk gwanintar da ke cikin Take Me Out, waƙar ƙungiyar mawaƙa mai suna Franz Ferdinand, a minti ɗaya na farko aka zuba ta. Kiɗan yana tashi da gudu, jita na kartawa, mai waƙa na rerawa a sanyaye, har ka ɗauka ka gane inda aka dosa. Kafin mintin ya cika sai mai ganga ya fara ja da baya. Ba tsayawa yake yi ba, sassautawa yake bugu bayan bugu, sauran na biye da shi, har su dira kan wani taku mai nauyi wanda za a tafi da shi zuwa ƙarshe. Yawancin waƙoƙi in suna so su motsa ka, wuta suke ƙarawa. Wannan rage gudu ta yi, kuma daidai nan ne ƙafarka za ta fara dukan ƙasa ba ka sani ba. Wanda ya taɓa shiga gayya ya san abin da nake nufi: gwanin gangar noma ba ya hanzarta kiɗa in rana ta take, yakan saukar da shi daidai faɗuwar garma, sai ka ga kunya na tafiya babu mai ɗagowa.

Faifan CD ɗin a motar yayana aka tsince shi, wata Sharon 'yar Kwatano da yake lodin Ringim zuwa Kano da ita. Ya miƙo min ya ce, "Malam, kai ne mai Turanci, duba mana abin da ke ciki." Ni kuwa tarihi nake koyarwa a wata sakandare da ke ƙauye tsakanin Ringim da Taura, don haka sunan Franz Ferdinand da na gani a jikin kwalin ne ya fara kama ni, tun kafin na ji sauti.

A lokacin 'yan ƙungiyar mutum huɗu ne, daga birnin Glasgow na Sikotland: Alex Kapranos mai waƙa da jita, Nick McCarthy shi ma jita, Bob Hardy a kan bes, wato jita mai kaurin sauti, Paul Thomson a kan ganguna. Kamfanin Domino ya fitar da waƙar a Janairun 2004, ta hau har mataki na 3 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, kuma kundinsu na farko ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundi mafi fice a Birtaniya da Ireland, a shekarar. A Malmö ta ƙasar Suwidin aka ɗauki sautin, a hannun mai haɗa sauti Tore Johansson. Wancan sassautawar da nake yabo kuwa larura ce ta haife ta. Baitocin sun fi daɗi da sauri, amshin ya fi zama a hankali, sai suka tattara baitocin gaba ɗaya a farko, suka bar wa amshi sauran filin. Bayan nan jita biyun ne ke magana, ɗaya ta jefa, ɗaya ta cafe, muryar Kapranos na shiga tsakaninsu. Kalmomin ba su da yawa. Mutum biyu ne kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido yana jiran wanda zai fara motsi, kuma hoton da aka zana na maharba ne da suka saita juna.

Waƙa ta biyu, All for You, Sophia, ita ce ta sa ban mayar wa Yaya faifansa ba. Franz Ferdinand na asali yarima ne mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari. Ranar 28 ga Yunin 1914, a Sarajevo, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Gavrilo Princip ya harbe shi tare da matarsa Sophie a cikin buɗaɗɗiyar mota. Bayan wata guda cif Ostiriya ta shelanta yaƙi kan Sabiya, daga nan wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta kama. Waƙar ta ambaci Princip da sunansa, ta ambaci ƙungiyar asirin da ke da hannu a makircin, duk a kan kiɗa mai tsalle-tsalle da ya fi na farko kaushi. Ta ƙara gishiri wajen yawan harsasai, don a tarihi biyu kacal ya harba. Amma ta kama abin da littattafan makaranta kan tsallake, wato matar. Sophie ba 'yar gidan sarautar da ya kai a aura wa magajin daula ba ce. Kafin a yarje masa aurenta a 1900 sai da ya yi rantsuwa cewa 'ya'yan da za ta haifa ba za su gaji sarauta ba, kuma a fadar Vienna ba a barin ta ta jera da shi a manyan taruka. Ranar da ta samu zama kusa da mijinta a bainar jama'a, a ranar aka kashe su tare. Duk shekara nakan koyar da wannan rana, amma sai da na ji an sa sunanta a kan waƙa na fara ba ta haƙƙinta a aji.

Duk da haka akwai abin da ke sosa min rai. Kisan nan bai tsaya a Turai ba. A shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, wato 1914 ɗin nan, a shekarar ce Turawan mulki suka tura sojojin Najeriya, da yawansu Hausawa, su yaƙi Jamusawa a Kamaru. An gwabza a Garwa, an yi dogon zaman kewaye a dutsen Mora har zuwa Fabrairun 1916, daga baya aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka. 'Ya'yan talakawa ne da ba su san Sarajevo ba, ba su san abin da ya haɗa faɗan ba. In na tuna da su, kwaikwayon ƙarar bindiga da ake yi da baki a cikin waƙar ba ya yi min daɗi. Ban ce kada a yi waƙa kan tarihi ba. Na ce ne jinin ya fi ƙarfin a yi masa rawa, ko da kiɗan ya kai kiɗa.

Ta ukun, Words So Leisured, tsohuwar waƙarsu ce, Darts of Pleasure ta 2003, aka sake rera ta a hankali bayan an zare mata ƙarfi. Gajeriya ce, kuma ciko ce. Kalmominta na zawarci ne da bai dace a kunna gaban yara ba, ni dai tsallake ta nake yi. Akwai kuma wata waƙar, Truck Stop, amma ita a ƙaramin faifan garmaho aka sa ta, babu ita a wannan CD.

Gaba ɗaya faifan bai wuce minti 10 ba. Wanda zai nema a intanet, don Allah kada ya saurara da lasifikar waya. Bes ɗin Hardy da bugun ƙafar Thomson su ke ɗauke da waƙar farko, waya kuwa haɗiye su take, ta bar ka da ƙarar jita tsurarta. A samu abin sawa a kunne, ko rediyon mota mai lafiyayyun lasifikun baya, a kuma fara daga farkon waƙar, kada a tsallaka zuwa amshi.