Alamun bidiyon Turawa ko maganar hannun ƙanen miji: wanne za a koya wa jaririya mai ji?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada a Gusau ta yi tambaya. 'Yarta wata tara, kunnenta lafiya lau. Tana ganin bidiyo a TikTok inda jariran Amurka ke neman nono ko ƙarin abinci da hannu tun bakinsu bai buɗe ba, tana so ta gwada. A gidan kuma akwai ƙanen mijinta, kurma ne tun yana yaro, da hannu yake magana. Uwar miji ta ce kada a soma ko ɗaya, za a mai da yarinya bebiya. Wanne ya fi, na bidiyo ko na ƙanen miji, ko kuwa Inna ce da gaskiya?

'Yar'uwa, bari mu fara da Inna, don idan hankalinta bai kwanta ba babu abin da zai ɗore a gidan. Alamar hannu ba ta hana yaro mai ji magana. Dubi 'ya'yan da kurame ke haifa: yawancinsu suna ji, suna tasowa da maganar hannu a ɗaki da Hausa a tsakar gida, kuma duka biyun suna zama a bakinsu da hannunsu. Ita kanta Inna ta raini yara, ta san yaro na maƙe kafaɗa ya ce ya ƙi, yana ɗaga hannu a ɗauke shi, yana tafi, yana nuni da yatsa tun kafin ya iya cewa "Baba". Hannu na riga baki a wajen kowane yaro. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, ba a gaban mutane ba.

To, sai na bidiyo. Asalinsa daga Amurka ne. A 1982 wata malamar jami'a a Kalifoniya, Linda Acredolo, ta lura 'yarta mai shekara ɗaya tana shinshina hanci duk lokacin da take nufin fure. Ita da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka shiga bincike, a 2000 suka fitar da sakamakon da ya nuna yaran da aka koya wa alamu sun ɗan sha gaban sauran a magana. Daga nan abin ya zama kasuwa, ga littattafai, ga azuzuwan kuɗi. Amma a 2013 Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Ingila suka sake gwadawa da jarirai 40, suka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, suka bi su daga wata 8 zuwa wata 20. Ba su ga bambanci a magana ba tsakanin waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba. Abin da suka gani a wajen iyaye mata ne: masu yin alamun sun fi lura da motsin jariransu. Don haka duk wanda ya ce miki wannan abu zai sa 'yarki ta fi 'yan ajinsu basira, tallar hajarsa yake yi. Amfaninsa ƙarami ne amma na gaske: 'yan watannin da yarinya ta san abin da take so amma baki bai kai ba, tana da hanyar faɗa ban da kuka.

Abin da ake koyarwa a bidiyon kalmomi ne ɗaiɗai da aka tsinto daga harshen kuramen Amurka. Nono: a dunƙule hannu a buɗe kamar mai tatsar saniya. Ƙari: a tattara yatsun kowane hannu a haɗa kawunansu. Ci: a kai yatsu baki. Babu jimla, babu hira, kuma da zarar yaro ya fara magana sai ya watsar da su. Akwai ɗaya da nake so ki duba da idon Bahaushiya kafin ki koya mata, wato alamar "na gama". Ana ware yatsu biyar na kowane hannu a juya tafin waje. Ki yi tunanin yarinya ta gama shan kunu a cinyar kakanta ta ware masa yatsu biyar a fuska. Ke kin san na ƙoshi take nufi, shi kuwa daƙuwa ya gani.

Matsala ta biyu ta zaman gidanmu ce. Baturiyar da ke cikin bidiyon ita kaɗai ce da ɗanta, ta zaunar da shi a kujera suna fuskantar juna. 'Yarki rabin yininta a goye take, tana kallon ƙeyarki, ba ta ganin hannunki. Sauran rabin tana hannun yayyenta, ko facalarki, ko 'yar maƙwabta. Idan ke kaɗai kika san ma'anar haɗa yatsu, za ta yi ta yi wa mutane alama suna kallonta, ta koma kukan da kike gudu.

A nan ne na ƙanen miji ya yi wa na bidiyo fintinkau. Abin da yake yi harshe ne cikakke, mai ƙa'idojinsa, ana ba da labari da shi, ana faɗa, ana barkwanci. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu tun kafin zuwan makarantun kurame, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Na makaranta kuma tushensa daban: Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya zo da alamun Amurka, kuma a kansu aka gina abin da ake koyarwa a makarantun kuramen Najeriya. Idan ƙanen mijinki ya yi makaranta, za ki ga yana gauraya biyun, har wasu alamun nasa su yi kama da na bidiyo. Idan bai yi ba, na gari yake yi, wanda da yawa daga cikinsa ya yi kama da abin da mu masu ji muke yi da hannu a kasuwa. Ko wanne ne, ya isa.

Ribar a bayyane take. Malamin yana cikin gida, ba ya cin data. Mutanen gidan sun riga sun san wasu alamunsa, tunda da su ake kiran shi cin abinci ana aikensa. Kuma yarinyar ba za ta watsar ba idan ta fara magana, saboda tana da wanda za ta ci gaba da yi da shi. Mun san yadda ake yi da kurma a gidaje da yawa: ana ba shi tuwo, ana ɗinka masa kayan Sallah, amma hira ta wuce shi, a yi dariya sai dai ya bi fuskoki da kallo. Yarinyar da ta taso tana hira da baffanta ta sami abin da bidiyo ba ya bayarwa, shi ma ya samu.

Wahalarsa ita ce sai kin sauke kai kin koya, kuma sai shi ma ya yarda, kada a mai da shi abin kallo. Sannan akwai kunya tsakaninki da ƙanen miji a wasu gidajen, ko da yake a mafi yawa abokin wasa ne. Idan da nauyi, mijinki ya shiga tsakani, ko a bar yayyen yarinyar su riƙa kai ta wurinsa bayan la'asar.

Ni dai na ƙanen miji zan zaɓa. Ki roƙe shi alamu kaɗan na abin da take buƙata kullum: nono, ruwa, abinci, barci, zo. Ki yi su lokacin da kuke fuska da fuska, wajen shayarwa, wanka da ba da kunu, kuma kullum ki faɗi kalmar da baki kina yin alamar. Kada ki kama hannunta ki tilasta. Makonni za su iya wucewa ba ta maimaita ba, ranar da ta yi kuma zai fito a karkace, ki karɓa haka nan.

Abu ɗaya da ya fi duk wannan muhimmanci: ki tambayi Inna abin da ya kurmantar da ɗanta. Idan ciwo ne ya same shi, kamar sanƙarau ko ƙyanda, wannan ba gado ba ne, kuma mu a Zamfara mun ga abin da sanƙarau ya yi a 2017. Idan kuwa haka aka haife shi, ko akwai wasu kurame a dangi, ki sa ido sosai, musamman idan auren zumunci kuka yi. Yarinya 'yar wata tara ya kamata tana juyowa idan an kira sunanta daga baya, tana firgita da ƙarar rufe ƙofa, tana gwalantun "ba-ba-ba". Yaron da ya iya alamu yakan rufe wa iyaye ido, su ga ana fahimtar juna su ɗauka yana ji. Idan kin ga alamar shakka, ko ta kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ki kai ta wajen likitan kunne a babban asibiti. Idan ana buƙatar gwaji mai zurfi, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.