Bokitin roba ko kwalbar gilashi? Riƙe bokitinka

Ƙanena, kai da ka ce ka haɗa giya a bokitin roba, amma tarkon iskarka (ɗan bututun nan mai ruwa a kan murfi, da ke barin iska ta fita amma ba ta shiga) ya kwana biyu bai yi ɓulɓul ba, har kana shirin yar da bokiti ka sayo babbar kwalbar gilashi, mayar da kuɗinka aljihu. Duka biyun na saya, ɗayar kuwa har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Bokitina fari ne, mai cin lita 30, nakan zuba masa 23 don kumfa ta sami wurin tashi. Tun ranar da ya shigo gidan nan murfinsa bai taɓa kamawa gam ba. Dahuwata ta farko, farkon hunturu ne a nan Jos, kwana uku ina tsugune a gabansa kamar mai jinya, ruwan cikin tarkon ko gezau. Ni dai na riga na yi wa giyar ta'aziyya. Madam ce ta kashe fitilar ɗaki, ta haska tocila ta jikin robar, ta ce, "To wannan kumfar ta mece ce?" Ashe kumfa ta taso kusan yatsa uku, har ta bar zobe ruwan ƙasa a jikin bokitin. Yis na ta aikinsa, iskar kabon ce ta ga gefen murfi ya fi mata sauƙi ta bi can. Giyar nan ita muka sha da Kirsimeti, kawuna da ba ya yabon komai sai da ya nemi ƙari.

Muddin yis na cin sukari, iska daga ciki take turowa waje. Ƙwayoyin da ke tsamar da giya ba ƙafa gare su ba, balle su hau bokiti su kutsa ta ƙasan murfi. Ɗauko su ake yi: a hannu, a ludayi, a tiyo, a kan famfon da ba a kwance an wanke ba, ko a ƙafar ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Yawan buɗe murfi don leƙe ya fi yoyon murfin haɗari nesa ba kusa ba. In kana son sanin gaskiya, haidiromita za ka tambaya, wato ma'aunin sukarin nan mai iyo. Giyar da ta fara a wajen 1.050 takan sauko kusa da 1.010, in awo bai canza ba kwana uku a jere, ta gama.

Ka tuna iyayenmu mata masu burkutu, a buɗaɗɗiyar tukunya suke yi, ba tarko ba komai. Sai dai su tsamin suke so, kuma ana shanyewa tana kan tsiyayar kumfa, kafin kwana biyu uku ta wuce gona da iri. Taka kuwa makonni za ta yi a zaune, shi ya sa tsabta ta zama dole a kanka.

Aibin bokiti ba zan ɓoye maka ba. Roba na karcewa, kuma a cikin karcen ƙwayoyin ke fakewa inda ruwan wanki ba ya kai musu. Kada soson ƙarfe ya taɓa shi, lallausan tsumma kawai. Kuma ba wurin ajiyar watanni ba ne, don iska na ratsa roba a hankali. Mako biyu zuwa uku, ka ɗura a kwalabe.

Kwalbar gilashi dai ba ta karcewa, toshinta na kamawa, kuma kana ganin komai. Iyakar alherin da zan faɗa ke nan. In ta cika takan doshi kilo 30, bakinta hannu ba ya shiga, haske na ɓata ɗanɗanon giyar sai ka lulluɓe ta. Tawa a jiƙe ta suɓuce mini a kan siminti, ɗinki huɗu aka yi mini a dunduniya.

Kumfa mai datti-datti da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai a kwanakin farko ba komai ba ne, yana wucewa. Abin tsoro shi ne farar yana a sama kamar saƙar gizo, ko warin khal mai sukan hanci, ko funfuna mai gashi kore ko baƙi. Kuma don Allah kada tsoro ya sa ka liƙe ko'ina da gam ka hana iska fita, za ka kwashi giya a silin. Zafi ma ya fi murfi cin mutane: yis irin namu ya fi son digiri 18 zuwa 22. In rana ta buɗe, tsoma bokitin a baho mai ruwa, ka yafa masa jiƙaƙƙen tawul, dabarar randa ce.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu wanke bokitin fenti ko na sinadari su ce maka na abinci ne. Juya gindinsa ka nemi lamba 2 a cikin alwatika da rubutun HDPE, amma ko da ita kada ka yarda da kwance, sabo fil za ka saya. Sa hancinka a ciki, in ka ji wani wari ajiye masa kayansa. Yis ma duba kwanan watansa, an taɓa sayar mini da wanda aka goge wa lamba.

Kuɗin kwalbar nan ka sayi haidiromita da maganin kashe ƙwayoyi irin wanda ba sai an ɗauraye ba. Daren yau ka haska tocila a jikin bokitin, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.