Raɓar da ake saya da Yuro: saƙo daga Kolon zuwa Aboabo

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya, da iyali, da mutanen layi baki ɗaya. Na saurari saƙon muryarka. Tambaya biyu ka yi mini: me ya sa hawainiyar da ɗanka ya kamo a gona ta hanyar Offinso ta ƙi shan ruwan da aka zuba mata a gwangwanin madara, sannan ko gaskiya ne Turawa na sayen hawainiya da kuɗi masu kauri, har mutum ya iya mayar da turo ta sana'a. Tun da a kantin sayar da dabbobin gida nake aiki a nan birnin Kolon na Jamus, kuma a sashen masu jan ciki aka ajiye ni, na ga gara in zauna in rubuta maka a tsanake.

Gaskiya ne ana sayenta. Amma ba irin tamu aka fi nema ba. Wadda ta cika kantuna a nan Jamus ita ce hawainiyar Yaman, mai doguwar hula a ka, wadda asalinta duwatsun Yaman ne da kudancin Saudiyya. Bayan ita sai ta Madagaska, mai launin ja da shuɗi da kore, wadda ta fi tsada. Kusan dukansu a nan Turai aka ƙyanƙyashe su, a ɗakunan mutane, ba daga daji aka kamo su ba. Ƙaramar ta Yaman ba ta cika wuce Yuro ɗari ba. To a nan ne mai lissafi daga nesa yake ruɗuwa: sai ya juya kuɗin zuwa Sidi, ya ga riba. Ita dabbar ita ce mafi araha a cikin kayan. Abin da ke cin kuɗi shi ne kejinta, da fitilunta, da kuma, fiye da komai, ruwan da za ta sha.

Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba. A kan reshe take rayuwa, abin da ta sani shi ne ɗigon raɓa da asuba, da ruwan sama da ke gangarowa a kan ganye. Idonta motsi da ƙyalli yake bi. Ruwan da ke kwance shiru a gwangwani, yawancinsu ko kallonsa ba sa yi, sai ta zauna kusa da shi ƙishirwa na cinta. Kuma ba ta shan ruwa ta fata, kamar yadda wasu ke zato, don haka tsoma ta a bokiti wahalar da ita ne kawai.

A Kumasi wannan ba matsala ba ce ga wadda ke daji. Daga Maris zuwa Yuli ana ruwa, a ɗan huta, Satumba ya dawo har Nuwamba, kuma ko ba a yi ruwa ba, ka fita da asuba za ka tarar da ganyen ayaba a jiƙe. A nan kuwa, da sanyi ya shigo ake rufe tagogi a kunna na'urar ɗumama ɗaki, iskar cikin gida ta bushe ƙayau kamar tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, kuma haka za a tafi wata biyar ko shida. Saboda haka duk wanda ya sayi hawainiya, dole ya sayi damina ya haɗa da ita.

Daminar nan hawa-hawa ce. Mafi sauƙi shi ne gorar feshi ta hannu, irin ta masu aski, ko babba mai famfo. Sai gorar ɗigo, wadda ake ɗorawa a saman keji, tana da ɗan makunni, ruwa na sauka ɗis-ɗis a kan ganye. Sai injin feshi: ɗan famfo ne na lantarki da tanki da siririn tiyo da bakuna masu fitar da ruwa laushi, haɗe da agogo. Kai za ka saita shi, ya yi feshi na minti biyu ko uku kafin fitilu su kama da safe, ya sake bayan sun mutu da dare. Mai kyau a cikinsu ya fi hawainiyar tsada. Na ƙarshe shi ne injin hazo, wanda ke fitar da farin tururi mai sanyi a tsakiyar dare, dabbar na barci tana shaƙa. Shi wannan yana da sharaɗi: sai ɗakin ya yi sanyi, ƙasa da digiri 20 ko kusa da haka. In aka haɗa zafi da laima da iskar da ba ta motsi, ciwon huhu ne zai biyo baya, ka ga tana buɗe baki tana ɗaga hanci sama. Shi ya sa ake son keji ya bushe da rana, ya jiƙe da dare. Kuma injin da ba a wankewa, ƙwayoyin cuta yake fesa mata.

Ga abin da zai ba ka dariya. Ruwan famfon nan ana shansa kai tsaye, ba tafasawa, ba tacewa, kuma ba ya ɗaukewa. Amma na Kolon yana da nauyi, cike yake da farar ƙasa. Ita ce ke yin farin ɓawo a gindin butar shayi, ita ce kuma ke toshe bakin injin feshi ta bar tabo a gilashi. Sai ka ga mutum da famfo a ɗakinsa yana sayen tataccen ruwa a jarka mai lita biyar, ko ya sa injin tacewa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, duk domin hawainiya. Ku da ke shan na madatsun ruwan Barekese da Owabi, kuna ajiye duro saboda ranar da famfo zai yi shiru, ga ruwan sama na kwarara daga kwano yana bin kwata, wanda shi ne ainihin abin da ake kwaikwayo a nan da kuɗi.

Abinci ma saye ake yi. Gyare da fara da kyankyasai masu rai, a 'yan akwatunan roba, ana kawo mana su kowane mako daga gonakin da ba abin da suke kiwo sai ƙwari. Akwati ɗaya Yuro biyu zuwa uku. Farar nan da 'yan'uwanmu na Nijar ke soyawa da yaji, a nan ƙirga ta ake yi ɗaya-ɗaya. Muna gaya wa mai saye ya ciyar da ƙwarin ganye da karas kafin ya ba hawainiya, domin wani kaso na ruwan jikinta daga cikinsu yake fitowa, ya kuma barbaɗa musu garin kalsiyam. Sannan ga fitilar da ke maye gurbin rana, wadda in babu ita ƙashin dabbar ke laushi ya lanƙwashe. Ƙwanta na iya ci gaba da haske alhali ƙarfinsa ya ƙare, don haka ake canza shi bayan wata shida zuwa shekara. Duk wannan a kan mitar wuta yake, kuma wutar Jamus na cikin mafi tsada a Turai. Sai dai ba ta ɗaukewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: da a ce a shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Gana, aka kafa irin wannan keji a Asawase, agogon injin kaɗai ya isa ya haukata mutum.

In an zo ga hidima, akwai inda suka yi mana nisa. Kayan lantarki sabo yana da haƙƙin shekara biyu a doka: in ya lalace da kansa, mai kanti zai gyara ko ya canza. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka ba da dalili ba. Farashi a rubuce yake, ba "nawa ne gaskiya", ba "ƙara mini", kuma na yi kewar wannan cinikin fiye da yadda na zata. Akwai likitocin dabbobi da suka ƙware a kan masu jan ciki kaɗai, su ɗauki jini, su yi hoton ƙashi, su yi wa hawainiya allurar ruwa a ƙarƙashin fata. Kuɗinsu ma doka ce ta tsara shi, kuma an ɗaga shi a Nuwamban 2022, masu dabbobi har yau suna ƙorafi. Amma irin waɗannan likitoci ba su da yawa, wani sai ya yi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa, bayan ya jira ranar da aka ba shi.

Inda kuwa muka fi su, gyara ne. Famfon injin feshi in ya mutu bayan wa'adin nan ya wuce, ba mai buɗe shi, domin ladan awa ɗaya na mai gyara ya kusa kuɗin sabo. Shara ake kai shi. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, inda yaro zai warware shi a kan benci, ya yanko roba daga tsohon tiyo ya mayar, ya ce ka ba shi na koko. Keji mai raga da ake sayarwa a nan da tsada, masu haɗa tagogin alminiyam na Alabar za su yi shi a yini ɗaya. Kuma ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf. In gyare ya ƙare maka daren Asabar, sai Litinin. A kasuwar Kejetia wa zai yarda da wannan?

To ga abin da za a yi wa ta hannunku. Abin da na fi so shi ne a mayar da ita inda aka kamo ta, domin wadda ta girma a daji ba ta jure tsarewa, kuma ka fi ni sanin hadisin matar da ta kulle kyanwa. Amma na san yara, ba za su saki a yau ba. A fitar da ita daga kwali. A samu keji mai raga, tsayinsa ya fi faɗinsa, a sa rassa da tsiro mai ganye da yawa, a ajiye inda ranar safe ke taɓa gefe ɗaya, ɗaya gefen yana inuwa. A samu ledar fiya wata, a huda ta da allura huda ɗaya, a rataye a sama yadda ɗigon zai riƙa sauka a kan ganye, ba a kanta ba, a sa roba a ƙasa ta tare. Wannan ledar aikin gorar ɗigon da muke sayarwa take yi, ba ragi. Da asuba da bayan magariba a fesa ganyen da ruwan sama mai tsabta, sannan kowa ya matsa. Tana da kunya, sau da yawa ba ta sha ana kallonta, kuma takan ɗauki mintuna kafin ta fara lasa. Gorar feshin ta zama sabuwa. Kada a kuskura a ɗauko wadda aka yi feshin ciyawa ko na koko da ita, ko an wanke. Kada a kunna maganin sauro kusa da ita, kada kuma a kamo mata fara daga gonar da aka yi wa feshi. In hunturu ya shigo a Disamba, a ƙara yawan feshin.

Yadda za ku gane ko tana sha, kashinta za ku duba. Yana fitowa da wani ɓangare fari a gefe, wanda shi ne fitsarinta. In fari ne, ko da ɗan rawaya a baki, lafiya lau. In ya zama ruwan lemo gaba ɗaya ya yi tauri, ruwa bai ishe ta ba. In idanun nan nata masu tudu suka zurma, ko tana rufe su da rana, abin ya yi nisa, kuma ƙoda ce ke fara lalacewa. Kada a buɗe mata baki a ɗura ruwa da sirinji, yana iya wucewa huhu. Ka kuma gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba ta da dafi. A dai wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko kejin.

Maganar sana'a kuwa, Yaya, ba kai ka fara tunaninta ba. Gana da Togo da Benin sun daɗe suna fitar da masu jan ciki zuwa Turai da Amurka, musamman ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, da hawainiyoyi irin namu. Amma masu lasisi ne ke yi. Hawainiya na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka sa wa hannu a Washington a 1973. Kafin ta fita sai da takardar sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Gana, kafin ta shigo nan sai da takardar hukumar kare halittu ta tarayya da ke Bonn. Ko wanda ya saya a kantinmu, muna ba shi takardar asalinta, shi kuma ya je ya yi mata rajista a hukumar garinsu. A garin Hamm, ba nisa sosai da nan, ana cin babbar kasuwar masu jan ciki sau da dama a shekara, mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban, kuma abin da mai saye ke fara tambaya shi ne wa ya ƙyanƙyashe ta, a wane wata. Ta daji takan iso a bushe bayan kwanaki a buhu, da tsutsar ciki, masu kiwo na gudunta, kuɗinta bai kai na sauran ba. Wadda ake busarwa a kai wa masu magani a kasuwa, wannan wani ciniki ne daban, ba ruwansa da na nan.

Don haka kada ka ba kowa ya sako ta a jaka, ko ya rantse maka ya saba. Jami'an kwastan na filin jirgin Frankfurt suna da karnukan da aka horar a kan wannan aiki, kuma wanda aka kama tara ce da shari'a, ga takardun zamansa a cikin haɗari. In har kana son ka bi abin ta hanyarsa, ka fara zuwa ofishin sashen namun daji ka ji sharuɗɗan lasisi da kuɗinsa, ka turo mini, ni kuma in tambayi mai gidanmu ko akwai dillalin da ke karɓar na Afirka ta Yamma a yanzu. Ka gaida Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta na nan tafe a hannun mai zuwa ƙarshen wata.