Hoton kaka: manhajar waya ko gyaran hannu?

Hoton auren kakanmu baƙi-da-fari ne, gara ta ci gefensa, ɗigar damina kuma ta yi masa tabo a babbar riga. Hanya biyu na gwada.

Na fara da wata manhajar waya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Kafin shayina ya huce ta gama, fuska ta fito tas kamar jiya aka ɗauka. Da na kai wa Goggo sai ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wai wane ne wannan? Ina billen Baba?" Ashe manhajar ta ɗauka ƙarzuwa ce, ta shafe shi. Irin waɗannan manhajoji kintace suke yi, suna cike gurbi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai. Har haƙora ta sake masa.

Sai na koma gyaran hannu a kwamfuta. Cikin manhajojin gyaran hoto, Photoshop na kuɗi ne, GIMP kyauta, shi na ɗauka. Aka yi wa hoton sikanin a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), na riƙa ɗebo launi daga wuri mai lafiya ina toshe ramukan gara ɗaya bayan ɗaya. Dare uku, ga ciwon wuya, ga ɗauke wuta. Fuskar ba ta yi kaifi sosai ba, amma Goggo ta gane mahaifinta.

Manhajar wayar na bar wa hotunan makaranta da suka ɗan dushe. Sikanin na asali kuwa yana ajiye daban a TIFF, tsarin fayil mai riƙe ingancin hoto, ban taɓa shi ba.