College Football 26: gem ɗin da ya san ba kowane lainbaka ne ke shiga kowane tsari ba

Jama'a masu PS5 da suke ganin gem ɗin nan a kanti suna wuce shi don ba ƙwallon ƙafarmu ba ce, ku ɗan tsaya. College Football 26 na kamfanin EA Sports ya fito ranar 10 ga Yuli 2025, ƙwallon Amurka ce ta jami'o'i, ƙungiya 136, kuma shi ne na biyu tun da aka dawo da jerin a 2024 bayan an yi shekara 11 ba a fitar ba saboda shari'ar amfani da kamannin 'yan wasa ba tare da biyansu ba. Ni dai ba kyan hoto ko ihun filaye ne ya kama ni ba duk da suna nan, abin da ya sa nake son gem ɗin nan shi ne yadda ya ɗauki aikin lainbaka da muhimmanci, wato 'yan tsaron da ke tsayawa a bayan ƙartan layin gaba.

A College Football 25 da ya gabace shi ana raba su ne kawai na tsakiya da na hagu da na dama. A wannan sai suka koma sunayen da kociyoyi ke kira da bakinsu, Mike da Sam da Will, masu farautar kwatabak (mai jifan ƙwallo na abokan hamayya) daga gefe kuma aka ware musu gurbinsu daban. Wani zai ce ai suna ne kawai aka canza, wallahi ba suna ba ne kawai. Mike shi ne na tsakiya, shi ke karanta yadda abokan hamayya suka jeru ya gaya wa kowa inda zai tsaya, kuma tun 2024 da aka yarda a sa rediyo a hular ɗan wasa ɗaya a kowane ɓangare, mai ɗigon kore a bayan hula, yawanci shi ake ba wa a ɓangaren tsaro. Sam yana tsayawa gefen da tait en yake, wato ƙaton da ke ƙarshen layin masu kai hari mai tare hanya da karɓar jifa, inda jikkuna suka fi yawa, dole ya iya karo da ƙato ya ture shi ba tare da an kwashe shi ba. Will kuma yana ɗaya gefen, an bar masa fili, aikinsa gudu ne, ya bi ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan ya kuma iya ja da baya ya tare jifa. Gem ɗin ya ƙara da raba su gida uku ta hali, Thumper mai duka, Lurker mai laɓewa ya tare jifa, sai Signal Caller mai jagorancin sahu.

Inda abin ke daɗi shi ne Dynasty, inda kai ne koci kana ɗauko yara daga sakandare ko daga masu sauya jami'a. Za ka ga yaro mai tauraro huɗu, lambar ƙwarewarsa sama, ka ce shi ke nan na samu, ka kawo shi. Amma idan littafin tsaronka, wato tsarin jera 'yan tsaro, 4-2-5 ne (huɗu a layin gaba, biyu lainbaka, biyar a baya), lainbaka biyu kawai ke cikin fili, na ukun an cire shi an sa ɗan baya na biyar, to Thumper ɗinka mai nauyi zai tsinci kansa yana bin ranin bak, wato mai gudu da ƙwallo, da ya fice gefe, za ka gan shi a baya taku biyu, hannu a miƙe, ƙwallo ta wuce saman kafaɗarsa, kai kuma kana danna madannin gudu har yatsa ya yi zafi ba abin da zai canza. Ɗauke yaron nan ka sa shi Mike a 3-4 inda ƙarti uku ke gabansa suna cinye masu tare hanya, sai ka ga ya koma dodo, duk wanda ya biyo tsakiya da ƙwallo sai ya sha ƙasa. Yaro ɗaya ne fa, lamba ɗaya, tsari ne ya bambanta. Masu kallon Firimiya za su tuna lokacin da Sarri ya ɗauke Kante daga gaban 'yan baya a Chelsea a kakar 2018 ya tura shi dama don Jorginho ya zauna, to irin wannan rigimar ce.

Kuma ba ƙirƙira gem ɗin ya yi ba, haka abin yake a fili. Harold Perkins na jami'ar LSU a 2022 yana sabon shiga an sake shi yana farautar kwatabak, ya addabi Arkansas a wasansu har kowa ya san sunansa, da aka shiga 2023 aka mayar da shi ciki yana karanta wasa yana jira, magoya baya suka yi ta ƙorafi an ɗaure masa ƙafa. Brian Urlacher kuma a jami'ar New Mexico ƙarƙashin koci Rocky Long mai tsarin 3-3-5 gurbi aka ba shi da ake kira lobo, rabi sefti (ɗan tsaron can baya) rabi lainbaka, daga nan ƙungiyar Chicago ta gasar ƙwararru ta NFL ta ɗauke shi na 9 a zaɓen 'yan wasa na 2000. Jeremiah Owusu-Koramoah, wanda asalin gidansu Gana ne, shi ma irin wannan gurbin na yawo ya riƙe a Notre Dame har ya ci kyautar Butkus ta gwarzon lainbaka a 2020, alhali da an jibge shi a tsakiya ana cewa ya yi karo da ƙarti da an ce ya yi ƙanƙanta. 4-2-5 ɗin da na ambata koci Gary Patterson ne ya yi suna da shi a jami'ar TCU, kuma dalilin yaɗuwarsa shi ne jami'o'i sun koma baza masu karɓar jifa uku huɗu a fili, Sam mai nauyi ya rasa wanda zai yi karo da shi. Duk waɗannan littattafan suna cikin gem ɗin, ka zaɓa ka gwada da hannunka.

Abin da ya ƙara min armashi shi ne gajiya da bugu suna taruwa a jikin ɗan wasa, kuma yanzu kana iya canza mutum ana cikin wasa ba sai ka dakatar ka shiga menu ba. Sai ka bar Thumper a yunƙurin farko cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi goma, wanda ake sa ran gudu, in an kai na uku da sauran yadi da yawa ka shigo da Lurker. Shawarata ga sabon shiga, ka fara zaɓar littafin tsaro tukuna sannan ka nemi yaran da suka dace da shi, in kuma ka gaji ƙungiya cike da masu nauyi to ka bi su da 3-4 ko 4-3 har su gama karatu, kar ka tilasta musu abin da ƙafarsu ba za ta iya ba. Lokacin hutun kaka ma ana iya sauya wa yaro gurbi, sefti mai jiki ya dawo Will, sau da yawa ya fi ɗauko sabo.

Ku sani dai PS5 da Xbox Series kaɗai yake hawa, babu na kwamfuta babu na PS4, kuma dala 70 aka sa masa da ya fito, wanda in ka juya shi naira ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wanda bai san dokokin wasan ba gara ya fara kallon wasa biyu uku a YouTube, yana kallo idonsa na kan mutanen nan na bayan layi ba kan ƙwallo ba. Amma mai son zaman tsara ƙungiya irin na Football Manager, in da hali ya saya, ko ku haɗa kuɗi da abokai ku buɗe Dynasty ɗaya kowa da jami'arsa.